Ranar da Na Kai 'Ya'yansa Haɗeja

Maryama, Hassana, Ummi da sauranku da kuka hana wayata sakat, ga labarin nan ku huta. Yau kwana goma sha ɗaya da dawowata daga Haɗeja, kullum sai wata ta kira ta ce wai me ya sami maigidana. Na ce ciwon ciki ne, kun ce muryata ba ta yi kama da ta ciwon ciki ba. Kun yi gaskiya. Rubutawa zan yi, domin bakina ya riga ya faɗa sau ɗaya a gaban jama'a, ba zai ƙara ba. Na nemi izininsa, ya ce in gaya muku saboda mazajenku da ƙannenku, amma kada in kuskura in sa sunansa.

Ranar Talata ce da hantsi. Ya fita duba komarsa ta kamun kifi, ruwa ya cika fadama kamar yadda yake yi mana duk ƙarshen damina. Ina tankaɗe a tsakar gida sai ga shi ya shigo a dunƙule, yana tafiya kamar wanda ya maƙale tukunyar zafi tsakanin cinyoyinsa. Bai kai ƙofar ɗaki ba ya yi amai. Iya, wato mahaifiyarsa da muke gida ɗaya, tana gyaran kuɓewa a gindin bango. Ta ɗaga kai sau ɗaya ta mayar. Kun san shi ɗan fari ne. Wata bakwai ina gidan nan ban taɓa jin ta kira sunansa ba, ban taɓa ganin ta dube shi ido cikin ido ba. "Wancan" take ce masa.

"Amarya, me ya sami wancan?"

Shi ya amsa daga ɗaki, da ƙyar. "Ciki ne."

Da na bi shi ciki na ga ba ciki ba ne. Ƙasa da ciki ne. Ɓangaren hagu ya kumbura, ya haye sama ya kwanta a karkace, ko zanen gado ya taɓa shi sai ya ciji leɓe. Ya kama hannuna ya ce, "Saude, in kika gaya wa Iya wurin, ni da ke ne." Kafin in ce wani abu Iya ta miƙo kwanon jiƙon kanwa da tsamiya ta labule, fuskarta na kallon garke. Ya shanye don kada ta yi zargi.

Na tuna Zulai, 'yar ajinmu da ke karatun aikin jinya. Na tura mata saƙo, saboda yatsa ba ya jin kunya kamar baki. Ko minti biyu ba a yi ba ta kira.

"Saude, farat ɗaya ya fara?"

"Farat ɗaya."

"To ba gwaiwa ba ce, gwaiwa a hankali take cika. Ina tsoron igiyar da ke riƙe da shi ce ta murɗe, jini ya daina zuwa. Sa'o'i kaɗan kuke da su, in aka wuce sai dai a cire. Ku tafi inda ake tiyata yanzu. Kada ya ci komai."

"Ya sha kanwa."

"Allah ya shirye ku. Ku tafi."

Kalmar "a cire" ita ce ta ɗaga ni daga bakin gado. Aure wata bakwai, ko ɓatan wata ban taɓa yi ba, ga Iya da ke duban cikina kullum safiya ta wutsiyar ido. Na fita na ce mata Haɗeja za mu. Ta ce, "Haɗeja a kan ciwon ciki? 'Yan boko." Tana faɗa tana ɗaura mayafinta. Wai ba don wancan za ta je ba, rakiya za ta yi mini don ban san gari ba.

Hanyar mota ruwa ya cinye ta tun makonni, sai kwale-kwale zuwa bakin titin da ya fito daga Guri. Muka samu na Baba Maina, dattijon nan da ba ya rufe baki ko yana tsakiyar tuƙi. Maigidana bai iya zama ba, aka kwantar da shi a kan kwandunan bandar kifi, ƙafa a buɗe. Muka kutsa cikin kacala, ciyawar ta fi tsayin mutum, hanyar ruwan ba ta fi faɗin jirgin ba.

Baba Maina ya dubi yadda ya kwanta, ya dubi yadda ya buɗe ƙafa, ya gyara murya.

"Ciki ne, Baba," maigidana ya riga shi.

"Ai ban ce komai ba, ɗana. Ni ma na yi irin wannan ciwon cikin shekarun baya. Nawa sai da ya kai girman gora, in na shiga kasuwa mutane ke ba ni hanya. Shekara huɗu ina ɗauke da shi kafin likita ya zuƙe ruwan ya ɗinke. Ka ga har yau ina tuƙi, 'ya'ya uku na ƙara bayan nan."

Iya ta juya baya tana kallon wasu agwagin ruwa kamar ita aka aiko ta ƙirga su. Ni kuwa na zaro waya in sake karanta abin da Zulai ta turo, don ta rubuto mini abin da zan nuna wa nas ba sai na yi magana ba. Jirgin ya ci karo da tushen kacala, wayar ta suɓuce ta faɗa ruwan da ya taru a ƙasan jirgi, ruwan da kifi ya kwana a ciki. Na tsamo ta, ta yi haske sau ɗaya ta mutu. Baba Maina ya ce in binne ta a buhun shinkafa za ta farfaɗo. Ta farfaɗo kuwa, kwana uku da dawowarmu gida, lokacin da ba na bukatarta. Har yanzu in na kara ta a kunne ƙarnin tarwaɗa nake ji.

A bakin titi 'yan acaɓa suka yo kanmu. Maigidana ya dubi kujerar babur, ya dubi sama, ya ce gara a bar shi a nan ya cika da imani. Allah ya kawo wata a-kori-kura mai kai kifi Haɗeja, aka shimfiɗa shi a baya tare da kwandunansa. Ban taɓa sanin yawan ramukan da ke titin nan ba sai ranar. Kowane rami da addu'arsa. Ƙananan ramuka salati, manya kuwa sai ya kira sunayen Allah da ban san ya haddace ba. Ni ina duban rana tana hawa, ina ƙirga sa'o'in Zulai a yatsu. Iya tana gaba kusa da direba, ba ta waiwayo ba ko sau ɗaya, amma na ji ta ce masa, "Malam, kifin nan na baya ba ya son jijjiga."

Iyakar ƙasarmu a wurina ƙofar asibitin ce, don daga nan al'ada ta sauya. Maigadi ya ce mutum ɗaya ke shiga da majinyaci. Iya ta ce ita ba ta san wani majinyaci ba, yarinyar nan ta rako. Ya ce to ta tsaya a waje. Ta ce ai ba a barin amarya ita kaɗai cikin maza. Ya dube ta, ya dube ni, ya ga ba zai ci riba ba, ya buɗe.

Wurin yankan kati wani mutum ne mai tabarau a bayan taga, biro a hannu, bai ɗago ba.

"Sunan majinyaci."

Na dubi Iya. Iya ta dubi fankar sama. Maigidana yana can kan benci ya dunƙule, ba ya ma jin mu. A garinmu mace ba ta kiran sunan miji, uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ga shi mu biyun ne kawai muka zo. Kada ku tambaye ni me ya hana in karɓi biron in rubuta. Sai a hanyar dawowa wannan dabarar ta zo mini.

"Hajiya, suna nake jira. Akwai layi."

Na ce, "Sunan Annabin da kifi ya haɗiye."

Sai a lokacin ya ɗago. "Yunusa?"

Muka gyaɗa kai tare, ni da Iya. Ku shaida, mai kati ne ya faɗa. Ni ban sa sunan kowa ba.

Daga nan aka tura mu wurin wata nas, babbar mace mai saurin hannu, mutane sun yi mata rumfa. Ta tambaye shi me ke damunsa. Ya dubi Iya da ke tsaye a kansa, ya dubi matan da ke kan benci, ya ce, "Ciki ne, da amai." Ta rubuta, ta nuna masa ƙarshen benci. Ba laifinta ba ne, abin da aka gaya mata ta rubuta. Na ƙirga waɗanda ke gabanmu, na daina ƙirgawa. Aka fara kiran sallar azahar a masallacin waje. Tun hantsi. Gumi ya jiƙa masa riga, leɓensa ya yi fari, ni kuma ba abin da nake ji a kunnena sai "a cire, a cire."

Na tashi na je kusa da nas ɗin, na rage murya yadda zan iya.

"Anti, ba ciki ba ne. Ɗaya daga cikin 'ya'yansa ne ya kumbura."

Ba ta daina rubutu ba. "To ina yaron? Sashen yara yana can baya, ki bi ta hagu."

"Ba yaro ba ne. 'Ya'yansa. Guda biyun nan. Na hagun."

"Tagwaye ne? Ki kawo mara lafiyan, ɗayan a bar shi a gida."

Ban san Iya ta biyo ni ba sai da na ji numfashinta a wuyana.

"Waɗanne 'ya'ya?"

"Iya, ba haka..."

"Wata bakwai da aure, 'ya'ya biyu? A ina ya ajiye su? Wace ce uwarsu?" Ta juya, kuma a karo na farko tun da na san ta, ta dubi ɗanta tsakiyar ido, ta taka har gabansa. "Kai. Kai da nake cewa kamun kifi kake zuwa. Ashe abin da ke kai ka Nguru ke nan? Har amarya ta sani, ni ce ban sani ba?"

Duk bencin ya juyo. Wata tsohuwa ta ce, "Yaran yanzu ke nan, Hajiya, ki yi haƙuri." Wani mai tari ya ce ai gara a karɓo su, jini ba ya ɓuya. Maigidana yana son ya yi magana, ciwo ya hana, sai girgiza kai yake, Iya kuma ta ɗauki girgizar a matsayin musu.

Ban san daga ina muryar ta fito ba. Ni da ko a aji in malamin kimiyya ya zo shafin nan na gaɓoɓin haihuwa sai in sa kai a tebur, kun tuna, shi ma allo yake fuskanta har ya gama. Na tsaya tsakiyar ɗakin na ce, yadda na bayan taga ma sai da ya ji:

"'Ya'yan marainansa nake nufi. Na hagu ya kumbura ya haye sama tun hantsi, farat ɗaya, yana amai. An ce igiyar ce ta murɗe."

Fanka kawai ake ji. Mai tari ya daina tari. Iya ta ja mayafi ta rufe fuskarta gaba ɗaya har haɓa, ta tsaya a wurin kamar an kafa turmi. Maigidana ya rufe ido, ina jin da ƙasa ta tsage da ya gode mata.

Nas ɗin ta ajiye biro. "Tun yaushe kika ce?"

"Tun hantsi."

"Shi ne kuka zauna a benci?" Ta ƙwala wa wani kira ya kawo keken majinyata. Ban taɓa ganin babbar mace ta yi sauri haka ba.

Likitan saurayi ne, ba zai girmi maigidana da yawa ba. Ya duba shi a bayan labule, ya fito ya ja takarda ya yi mini zane, don ya ce ni ce mai bakin gidan. A wurinsu kalmar nan ba komai ba ce, yana faɗinta kamar yana cewa gwiwa ko kunne. Ya zana ƙwai biyu a cikin jaka, kowanne rataye da igiyarsa. Ya ce a cikin igiyar akwai jijiyoyin da ke kai jini, da bututun da iri ke bi ya fita. Wasu mazan tun haihuwa ƙwan bai manne da jikin jakar sosai ba, yana lilo, wata rana sai ya juya igiyar ta shaƙe. Ya tambayi sana'arsa, na ce masunci ne. Ya ce to kamar igiyar koma ce in ta nannaɗe, sai an warware da hannu. Ya ce akwai masu kama da shi, gwaiwa mai tara ruwa, da ƙaba da hanji ke saukowa, da kumburin da ƙwayar cuta ke kawowa, amma wannan ba ya jira. Za su buɗe su warware. In ya dawo ja, su ɗinke shi a jikin jakar, su ɗinke ɗan'uwansa ma don kada ya yi koyi. In ya riga ya yi baƙi, sai cirewa.

Na ce, "In an cire fa, likita, haihuwa..."

"Ɗaya ma yana aikin. Amma biyu muka fi so mu mayar miki. Me ya ci yau?"

Daga cikin mayafi, can gefe, murya ta fito. "Kanwa ce kaɗan. Da tsamiya. Kwano ɗaya. Ƙaramin kwano."

Likita ya dubi mayafin da ke magana, ya ce a gaya wa mai allurar barci.

Aka shiga da shi. Muka zauna a dakalin ƙofar ɗakin tiyata, ni a wannan ƙarshe, Iya a wancan, ta ba ni baya. Ina ta tunanin in ya fito lafiya ma wataƙila ya sake ni, na tona shi gaban uwarsa da rabin Haɗeja. Can na ji ƙus-ƙus. Iya ce ke jan carbi, a tsakanin addu'a tana kiran sunansa. Sunan nan na kifi. A hankali, sau da yawa, kamar tana biyan na shekara ashirin da biyar da ba ta kira ba. Na yi kamar barci nake.

Ana kiran la'asar likita ya fito yana cire hular tiyata. Ya ce da suka buɗe ya fara yin shuɗi, suka warware, suka lulluɓe shi da ɗumi suka jira, a hankali ya dawo ja. Ya ce da mun bi layin bencin nan da wani labarin ake yi. Ni dai zama na yi a ƙasa, a kan siminti, na yi kukan da tun safe ban samu lokacinsa ba. Iya ta ce, "To, ai sai a nemi abin da za a ci."

Kwana huɗu muka yi. Masaukinmu barandar ɗakin maza, inda matan majinyata ke shimfiɗa tabarmi jere, kowa da buta da kullin kayanta. Mutanen birni ba sa ɓoye ciwo. Kafin ki gama shimfiɗa an gaya miki mijin wannan fitsari ne ya ƙi fita aka sa masa roba, na waccan ƙaba ce aka ɗinke. Ni ba sai an tambaye ni ba, labarina ya riga ni isa. Maman Tagwaye suka sa mini. Mai kawo abinci ma in ta zo sai ta ce, "Ina Maman Tagwaye, ga shinkafa da wake." Abincinsu ba laifi, sai dai kifin. Wani ɗan karfasa da a gidanmu kyanwa ake jefa wa, nan an soya shi an ɗora a faranti ana lallaɓa shi kamar baƙo. Iya ta ɗaga shi ta wutsiya ta ce wannan ko uwarsa ba ta gama yaye shi ba.

Maigidana kwana biyu bai dube ni ba. In na kawo ruwa sai ya karɓa yana kallon bango. Rana ta uku wani dattijo a gadon kusa, wanda aka cire masa ɗaya saboda ya yi kwanaki yana cewa ciki ne, ya ce masa, "Yaro, da tawa matar tana da bakin taka, da yanzu ni ma da biyu zan koma gida." Da yamma ina gyara masa matashi ya riƙe bakin mayafina, ya daɗe bai saki ba. Sannan ya ce, "Amma da kin rage murya."

Mun dawo ta hanyar da muka bi, sai dai direban wannan karon ya san ramuka. Baba Maina ya tarbe mu da "Yaya ciki?" yana ƙyafta ido. Iya ta riga kowa sauka, kafin mu isa gida duk unguwa ta ji cewa ciwon ciki ne, likitoci sun ce kanwar da ta ba shi ce ta riƙe shi har Haɗeja. Ban musa ba. Likita ya hana shi ɗaukar nauyi da tuƙin jirgi na wasu makonni, yana nan zaune a zaure yana gyaran koma yana ƙorafi.

Ni kuwa har yanzu in na ji ya yi nishi, ko tashi zai yi daga tabarma, sai gabana ya faɗi. Ku dai in naku ya shigo a dunƙule ya ce ciki ne, ku duba da idonku, kuma ku tafi da biro.

Tsakanina da Iya ba wadda ta ƙara tayar da maganar. Ta koma "wancan," ta koma kallon garke in zai wuce. Sai dai shekaranjiya da safe na je gaishe ta, na durƙusa, tana tsince shinkafa a faifai. Muka yi ina kwana, ina gajiya, ya ruwa. Har na yunƙura zan tashi, ba ta ɗago ba, ta ce:

"Ya yaran?"

Na dubi faifan, ita ma shi take duba.

Na ce, "Lafiya lau, Iya. Duka biyun."

Ta ce, "Madalla," ta ci gaba da tsintarta.